Baƙon Maraɗi ta Ɗan Isa yake shigowa

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce, ɗan ƙanwar mahaifiyata ya zo mana daga Katsina, shi da maiɗakinsa da ƴaƴansu uku. Kwana biyu muka yi muna zaga dangi, daga Mokoyo zuwa Zariya, har Tsibiri muka leƙa. A rana ta uku bayan mun karya ya ce mini, "Yaya, tun muna ƙanana Inna take ba mu labarin tafkin Madarunfa da kaburburan waliyyai. Ka daure ka kai mu, yaran nan su ga ƙasar kakarsu da idonsu." Na tambayi waɗanda suka san halin da hanya take ciki, suka ce lafiya lau in dai za mu dawo da rana. Muka tafi da hantsi.

Tafkin yana nan yadda na san shi. Rani ya sa ruwa ya ja baya, masunta na zaune a inuwa suna ɗinkin taru, balbelu sun yi fari fat a bakin gaɓa, wata mata na suyar kifi a kasko tana korar ƙuda da mafici. Yaran suka ruga bakin ruwa suna ihu, ƙaramarsu ba ta taɓa ganin kwalekwale ba sai ran nan. Ba a jima ba uwarsu ta matso ta yi wa mijinta raɗa. Tana son ta kewaya, ga azahar ta kawo jiki. Muka duba gabas muka duba yamma, a inda muka sauka babu makewayi, babu wurin da mace za ta yi alwala a suturce, babu ko rumfar da baƙo zai zauna. Sai da na shiga gari na yi sallama a wani gida. Matar gidan, Allah ya saka mata da alheri, ta jawo ta ciki ta ba ta buta da tabarma.

A ƙofar gidan ne wani dattijo ya same mu. Da ya ji baƙin daga Katsina suke, sai ya gyara zama ya shiga ba su labari: yadda ruwan gulbi yake cika tafkin da damina, inda kaburburan suke, waɗanda mutane ke zuwa ziyararsu daga nesa, da shekarun da ruwa ya ci gonaki. Ya fi awa guda yana magana, babban yaron yana ɗauka a waya. Da za mu tashi, ƙanena ya damƙa masa ɗan abin goro, sannan ya tambaye shi, "Baba, hukuma ce ta ajiye ka a wannan aiki?" Tsohon ya girgiza kai. "Ɗana, wa zai ajiye ni? Masu kat-kat sun zo ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Su yi tambaya, su rubuta, su ɗauki hoto, su ce za a gyara wurin. Har yau ban sake jin ɗuriyarsu ba."

Da dare bayan sun kwanta na zauna na yi lissafi. Tsakanin man mota, da kilishi, da takalman fata da ya saya wa yara, da turamen atamfa, da kifin Madarunfa, da abin da ya raba wa tsofaffi, kuɗin da ƙanena ya bari a jihar nan cikin kwana 4 sun haura jika 100 na sefa. Amma a wurin masu tsara harkar yawon buɗe ido, wannan mutum kamar bai zo ba. Bai sauka a filin jirgi ba, bai kwana a babban otal ba, babu littafin da sunansa ya shiga. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Duk sa'ad da aka zauna a Yamai za a yi doka ko a raba tallafi don wannan fanni, baƙon da ake hange Bature ne mai kyamara a wuya, wanda zai sauka Agadas ya hau raƙumi. Mu kuwa baƙonmu ta Ɗan Isa, garin bakin iyakarmu da Najeriya, yake shigowa, Hausa yake ji, sahu ɗaya muke bi da shi a masallaci. Ina so a rubuta dokar da shi a rai, a kuma bar wani abu daga kuɗin da yake kawowa a garin da ya kashe su.

Ba na ganin laifin waɗanda suka ɗora harkar a kan arewa tun farko, don can kasuwar take. A shekarun 1980 Turawa na sauka Agadas, gasar motocin Paris-Dakar na ratsa Tenere, direbobi da masu jagora da maƙeran azurfa duk suna cin abinci da ita. UNESCO ta sa Ayar da Tenere cikin kayan gadon duniya a 1991, gandun dajin W a 1996, tsohon birnin Agadas a 2013. Sai dai kowa ya ga yadda wannan kasuwa take da raunin ƙafa. Tawayen farkon shekarun 1990 ya kore ta, ta fara dawowa, na 2007 ya sake korar ta. An soke gasar Dakar a 2008, daga nan ta koma Kudancin Amurka. An sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit a 2010. Ran 9 ga Agustan 2020 aka kashe mutum 8 a Kure, wurin raƙuman dawa, Faransawa 6 da ƴan ƙasarmu 2, direbansu da mai yi musu jagora. Nan take Faransa ta shafa wa taswirar Nijar jan launi in ban da Yamai. Baƙon da sanarwa guda daga gwamnatin ƙasarsa za ta iya hana shi zuwa shekara da shekaru, ba a ɗora tukunyar gida dominsa.

Baƙon Maraɗi jini ne yake jawo shi. Da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, tsohon gidan sarautar ƙaura ya yi, har Ɗan Kasawa ya kafa mulki a nan wajen 1819. Shi ya sa har gobe sarautar fadarmu Sarkin Katsina ce. Gobirawa ma bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 sun sha gwagwarmaya kafin su kafa Tsibiri a 1836. To Bakatsinen da yake son ya ji kirarin Sarki Ɗan Baskore daga bakin maroƙan fada, ko Bagobirin Sabon Birni da yake son ya ga fadar jikokin Bawa Jan Gwarzo ya gaida Innar Gobir, ina zai nufa in ba nan ba? Ƙara da ƴan kasuwar Kano da Jibiya, da masu zuwa biki da suna da ta'aziyya, da iyayen ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, da ƴan uwanmu na Damagaram da Tawa da ke ratsowa kullum. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris ɗin 2024. Kasuwa ta ji jiki ƙwarai. Amma da aka buɗe, babu wanda ya jira a yi masa talla kafin ya shiga mota, don zumunta a ƙafa take.

Ita kanta kalmar tana yi mana illa. Bahaushe ba ya son a ce yana yawo. Ka ce wa dattijo ya zo yawon buɗe ido, sai ya ɓata rai. Ka ce ya zo ziyara, sai ya ce ƙwarai kuwa. A wurin mai kilishi da ɗan adaidaita duk abu ɗaya ne, mutum ya zo, ya kwana, ya ci, ya sayi tsaraba. Muddin doka ba ta kira mai ziyara da sunansa ba, ba za a ƙirga shi ba, kuma abin da ba a ƙirga ba ba ya samun gurbi a kasafin kuɗi.

Takardu ba su ne muka rasa ba. Akwai doka mai lamba 97-022 ta ran 30 ga Yunin 1997, wadda ta tanadi kare kayan tarihi da al'adun ƙasa da kuma raya su. Tun 2006 Nijar ta miƙa wa UNESCO sunan dajin Madarunfa da tafkin da kaburburan waliyyai 99 cikin wuraren da take fatan a sa su a gadon duniya, suna nan a layin jira. A 2019 tafkin ya shiga jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Akwai kundin dokokin ƙananan hukumomi na 2010, akwai hukumar ANFICT da aka kafa don ta riƙa isar da kuɗi ga jihohi da ƙananan hukumomi. Duk waɗannan suna nan, amma matar ƙanena sai da ta shiga gidan mutane kafin ta sami buta. Abin da ya ɓace tsakanin takarda da bakin tafki shi ne kuɗin da doka ta ɗaure, wanda zai riƙa zuwa kowace shekara ko wane ne minista, ko masu furoje sun zo ko ba su zo ba.

Otal-otal ɗin garin nan suna biyan lanho, wato haraji, tashoshin mota suna biya, masu gidajen abinci suna biya. Abin da nake nema a rubuta ƙarara shi ne wani sanannen kaso na abin da aka karɓa daga kwanan baƙi ya tsaya a cikin jiha, a asusu na dabam wanda ba za a taɓa don sayen motar ofis ko man rangadi ba. Daga cikinsa a biya abubuwan da ba su da kwarjini amma su ke riƙe baƙo: makewayi na maza da na mata tare da mai share shi, rumfa, famfo, allon da aka rubuta tarihin wuri da Hausa. A kuma yanka wa dattijo irin wancan ɗan albashin wata, a haɗa shi da samari biyu da za su zauna kusa da shi su koya kafin ƙasa ta rufe masa ido. Abin da ke cikin kansa babu shi a kowane littafi, kuma ranar da ya tafi babu miliyoyin da za su dawo da shi.

Na san amsar da za a ba ni, cewa kuɗi in ya sauko ƙasa cinye shi ake yi. Tsoron yana da tushe. Balle tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi, waɗanda aka naɗa ne ke riƙe da su, babu kansilan unguwa da za ka tare a ƙofar masallaci ka tambaye shi. Amma kuɗin da ya tsaya a Yamai ma ana iya cinye shi, bambancin kawai mu a nan ba za mu taɓa sani ba. Maganin abin shi ne dokar ta tilasta a liƙa sunan duk wanda ya karɓi tallafi, da adadin abin da ya karɓa, da aikin da aka ba shi dominsa, a ƙofar ma'aikatar magajin gari, a kuma karanta a gidajen rediyo da Hausa. A ƙasar da kowa ya san kowa, in aka ce an ba wane jika 500 ya kafa rumfa a bakin tafki, kafin mako ya zagayo ƴan kabu-kabu sun kawo labarin ko rumfar ta tashi.

Sai kuma yadda ake neman tallafin, wanda shi ne ya fi ƙona mini rai. Akwai wani baduku da nake kai wa gyara shekara da shekaru. Kullum za ka same shi zaune a kan buzu, basilla a hannu, zare a baki, ƙanshin fatar da aka jeme da bagaruwa ya cika rumfar, yara huɗu na koyo a gefensa. Da fatar jan akuyar Maraɗi yake aiki, wadda Turawa suka daɗe da sanin laushinta har suna yin safar hannu da bangon littafi da ita. Wata rana ya ji a rediyo cewa akwai tallafi ga masu sana'ar hannu. Ya sa babbar riga ya tafi. Aka miƙa masa takardu da Faransanci, aka ce sai ya kawo lambar lanho, da rajistar kasuwanci, da asusun banki, da bayanin yadda sana'arsa za ta gudana nan da shekara 3 a rubuce. Ya biya wani ɗan lekol ya cike masa, ya sayi tambur, ya rufe rumfa kwana uku yana jeka-ka-dawo. Bayan wata biyu aka ce masa an aika dosiyensa Yamai. Shekara ta zagayo, shiru. "Malam," in ji shi, bai ko ɗaga kai daga ɗinkin da yake yi ba, "ni keken ɗinkin fata guda nake so, da ƴar inuwar da baƙo zai zauna ya zaɓi kaya. Abin da na kashe wajen neman nan ya isa in sayi fatar aikin wata guda."

Tallafin da aka tsara haka, wanda ya iya rubutu yake samu, wanda ya iya aikin kuwa yana waje. A kan haka ne aka sami mutanen da ba su da wata sana'a sai haɗa dosiye. Su kafa ƙungiya a cikin jaka, su shirya taro a otal, a raba kuɗin zama, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto cewa an horar da masu sana'a. Ni ina ganin ƙaramin tallafi mai yawan masu karɓa ya fi mana babba guda. A bari a nema da Hausa, da boko ko da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya zo ya faɗa da baki a rubuta masa. Tun da kundin sake gina ƙasa na Maris ɗin 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, babu sauran dalilin da zai sa baduku ya yi hayar mai fassara kafin ya yi magana da gwamnatinsa. A yanke hukunci a nan Maraɗi cikin wata guda. Sarkin dukawa da sarkin ruwa da sarkin fawa sun san wanda yake aiki da wanda yake riya, a nemi shaidarsu, ko da yake su ma mutane ne masu dangi, don haka kada a bar musu wuƙa da nama su kaɗai. In ana tsoron kuɗi zai bi ta wata hanya, a ba da keken kansa.

Duk mai shakkar ko talakan jihar nan zai iya riƙon ƙaramin kuɗi da amana, ya tuna da Mata Masu Dubara. A jihar Maraɗi ƙungiyar CARE ta fara wannan tsarin asusu a 1991, mata suna zuba ɗan abin da ya samu duk mako cikin akwati, suna ba juna rance, suna lissafi a gaban kowa. Daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Su ne masu ƙuliƙuli da man gyaɗa da kwaɗon zogale da furar da baƙo yake tambaya tun bai ajiye jaka ba. Kwamitin raba tallafi da babu su a ciki bai cika ba.

Ban manta da Maraɗi Kwalliya ba, bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disambar 2015. An shimfiɗa kwalta, an yi gine-gine, gari ya yi haske, kuma har yau muna cin moriyar wasu daga cikin ayyukan. Ba zan yi butulci ba. Amma in ana so a san ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, sai a duba abin da ya biyo bayan biki. Kuɗi ya zo da yawa lokaci guda, baƙi suka cika gari mako ɗaya suka watse, shekara ta gaba bikin ya koma Agadas, aka bar mu da gine-ginen da kula da su yake cin kuɗi kowace rana. Mu da iyayenmu suka ba mu labarin ambaliyar 1945, wadda ta ci tsohon gari har aka dawo kan tudu, mun san ruwa mai yawa a dare ɗaya ba shi ke raya gona ba. Da an cire ko ɗan kaɗan daga kuɗin irin wannan biki an ɗaure shi don kulawar shekara 10, da yau ba wannan magana nake yi ba.

Haka kokawa. A Tawa aka fara gasar takobi a 1975, kuma Kantu ɗan Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin, sunansa ne a filin kokawarmu. Duk shekarar da gasar ta zo nan, babu masaka tsinke a gari, har daga ƙetaren iyaka ake zuwa. To amma jihohi 8 take zagayawa, kafin ta dawo yaron goye ya shiga lekol. A tsakani me filin yake yi? Ɗan tallafin shekara da zai sa a riƙa haɗa ƴan kokawarmu da na Katsina da Sakkwato da rani, a sanar da ranakun tun da wuri, zai cika masaukai fiye da duk wata tallar da za a buga a mujallar waje. UNESCO ta amince da bikin kamun kifi na Argungu a 2016, ta amince da hawan sallar Kano a 2024. Mu ma muna da hawa a Maraɗi da Tsibiri, da kakaki da algaita da ƴan lifidi. Kiwon doki kuwa ba wasa ba ne a wannan tsadar, masu riƙe da shi daga aljihunsu suke yi. In suka gaji suka sayar, sai a bidiyo jikokinmu za su ga hawa.

Akwai wani baƙon ma da ya fi ƙanena kusa, shi ne ɗanmu na cikin gida. Gandun dajin Gadabeji yana arewacin jihar nan tun 1955, faɗinsa ya kai hekta 76,000, UNESCO ta sa shi cikin wuraren kare halittu a 2017. A 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure aka kawo su can, bayan shekaru masu yawa da suka ƙare a yankin. Na tambayi ƴaƴan maƙwabtana, duk sun ga raƙumin dawa a talabijin, babu wanda ya san akwai shi a jiharsu. Motar bas guda da kuɗin abincin rana, ajin ƙarshe na kowace makaranta ya fita sau ɗaya a shekara, ko Gadabeji in hanya ta ba da dama, ko fadar Tsibiri, ko ƙauyukan wajen Agye inda manoma suka mayar da gonakinsu daji da sassaben zamani har ana zuwa daga wasu ƙasashe ana koyo. Yaron da ya ga haka, shi ne gobe zai ɗauko iyalinsa ya kai su da kuɗinsa.

Ba zan ɓoye abin da kowa ya sani ba. Tun wajen 2019 ƴan bindiga suke addabar ƙauyukan bakin iyaka a Madarunfa da Gidan Rumji, ana sace mutane da dabbobi, ga ƴan gudun hijira da suka tsallako. Wanda aka kore wa shanu jiya, ka ce masa rumfar baƙi, yana da haƙƙin ya yi maka wani irin kallo. Tsaro ne a gaba, kuma haramun ne a ruɗi baƙo a kai shi inda ba lafiya don neman kuɗinsa. Sai dai abin da nake magana a kai ba daga kason tsaro zai fito ba, daga aljihun baƙo zai fito. Kuma saurayin da yake tuƙa kwalekwale ko yake jagora yana samun na tuwo a garinsu ya fi wuyar ruɗa a kan wanda yake zaune ba aiki. Faɗuwar naira ma gaskiya ce, ta rage wa ƴan uwanmu na kudu ƙarfi in sun canza kuɗi. Dalili ke nan da ya sa masauki mai sauƙi da tsabta ya fi mana amfani a kan otal mai hawa biyar.

Wasu kuma tsoron lalacewar tarbiyya suke yi, kuma garin nan yana da tarihinsa a kan haka. Mutane ba su manta da zanga-zangar Nuwamban 2000 a kan bikin nuna tufafi na FIMA ba, da ɓarnar da aka yi a Maraɗi. Ni ban yarda da ƙone-ƙone ba, amma na fahimci cewa duk harkar da aka kawo wa mutane daga sama ba tare da jin ta bakinsu ba, ƙyamarta za su yi. Karɓar baƙi kuwa ba daga waje aka kawo mana ba. Tun zamanin fatake muna da fatoma, mai saukar da baƙo a gidansa, ya ba shi ɗaki da ruwa, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Dokar ta san da irin wannan ƙaramin masauki, ta ba shi lasisi mai sauƙi da ɗan lanhon da zai iya, ta ɗora masa sharaɗin tsabta da rubuta sunan duk wanda ya kwana. Mai unguwa ya san gidan, jami'an tsaro sun san wanda ya shigo, magidanci mai iyali ya sami inda zai sauka hankalinsa kwance.

Lokaci ma ba ya jiranmu. Tun Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Duk ranar da jirgin nan ya iso, mutane za su sauko da yawan da ba mu saba gani ba. In ba su tarar da wurin kwana da abin gani ba, za su yi cinikinsu su koma da yamma. Tun da kuma mun fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, ya kamata a rubuta a fili takardar da mai ziyara yake buƙata da abin da zai biya, a liƙa a bakin iyaka da Hausa. Ƙanena ya faɗa mini sau nawa aka tsayar da shi a hanya da abin da ya bari a kowane shinge ba tare da an ba shi ko guntun takarda ba. Na ji kunya ƙwarai, don da mata da ƙananan yara yake tafe.

Makon jiya ya bugo mini waya. Ya ce yaran sun nuna wa Inna hoton tafkin da muryar dattijon nan, ta yi shiru, sannan ta ce a kawo ta bayan babbar salla ta gani sau ɗaya kafin ƙafa ta ƙi. Na ce su zo. Na riga na aika wa matar gidan nan saƙo ta hannun wani ɗan kabu-kabu, ta ce gidanta gidansu ne. Zan sa kujerar roba da tamfol da jarkar ruwa biyu a bayan mota. Na kuma roƙi yaron ya bincika mini ko tsohon yana nan, don Inna ta ce tana da tambayoyin da za ta yi masa a kan mutanen gidansu.